Hannun Baba Haruna

Cikin shekarun da na yi ina kula da kwamfutoci a wani ofishin safiyo a Gadarif ta ƙasar Sudan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata, gab da saukar damina, da Baba Haruna ya shigo ɗakina ya rufo ƙofa, ya ce in buga masa takardar barin aiki. Mutumin da ya koya wa rabin ofishin yadda ake ja layi, ranar ya ce bai yarda da hannunsa ya rubuta jimla huɗu ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo aikin bayanmu, domin kuskuren da ya kawo shi ƙofata nawa ne, kuma abin da na yi kuskuren da shi bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Bari in fara da yadda aikin yake, don wanda bai taɓa shiga irin ofishinmu ba. Ofishi ne mai zaman kansa, mu goma a ciki. Masu zuwa wajenmu manoman dawa da riɗi ne masu manyan gonaki, daga Gadambaliya har Doka. Kafin ruwa ya sauka kowa yana so ya san inda iyakarsa ta tsaya, domin taraktocin bara sun tumɓuke turaku, kuma da zarar baƙar ƙasar nan ta sha ruwa mota ba ta kaiwa can. Masu awo sukan fita daji da na'ura, su tsaya a kowace kusurwar gona su ɗauko lambobinta. Lambobin sai su zo hannun mai zane. Shi zai sa kowace kusurwa a mazauninta a kwamfuta, ya haɗa su da layi, ya nuna hanya da kwari da hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama. Daga nan taswira ta tafi wajen babban injiniya, wanda muke kira Bashmuhandis, ya sa hannu da hatimi. Sakatariya ta ba ta lamba ta sa a fayil. Ni kuwa ina ɗakin baya tare da injin buga taswira, ina buga rahotanni, ina gyara abin da ya lalace.

Mai zanenmu shi ne Baba Haruna. Mutumin Mafaza ne, daga gidajen da kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa za su hajji suka zauna a bakin kogin Rahad. Ya fara aiki tun zamanin tawada da takarda mai shara-shara, ya koyi kwamfuta yana da furfura, kuma ya koye ta da irin natsuwar da yake feƙe fensir. Bashmuhandis Usman, wanda ke duba taswirar kowa kusurwa-kusurwa, idan ya ga ta Baba Haruna ce sai kawai ya jawo hatimi. An daɗe ana haka, babu wanda ya taɓa dawo da ita.

A sanyin shekarar ne ciwo ya same shi. Ɓarin jikinsa na dama ya yi nauyi, bakinsa ya ɗan karkace. Ya yi wata uku a gida, ya dawo yana tafiya da ƙafarsa, magana ta daidaita, amma yatsun hannun dama ba sa lanƙwasuwa sosai. A makon farko na lura wayar linzamin kwamfutarsa, wanda mu a ofis muke kira mawus, tana ba shi wahala. Takan maƙale a gefen tebur, da can yakan fizgo ta ba tare da ya kula ba, yanzu kuwa sai ya sa hannun hagu. Bashmuhandis ma ya gani. Da Larabci muke magana da shi, ni da Baba Haruna da sakatariyarmu Nafisa kuwa Hausarmu muke yi a tsakaninmu. Ya kira ni ya ce, "Ustaz Yahaya, nemo wa Ammu Haruna irin marar wayar nan. Kada ka ce ni na sa ka. Ka ce gwaji kake yi."

Na tafi kasuwa. Mawus marar waya iri biyu ne a shagunan da muke da su. Akwai wanda ke magana da kwamfuta ta bulutut, akwai mai zuwa da wani ɗan ƙaramin abu da ake cusawa a kafar kwamfuta, shi ke karɓar saƙon. Wasla muke ce masa. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, manyan akwatuna a ƙarƙashin tebur, ba su da bulutut, don haka zaɓi ya rage mai wasla. Har nan daidai na yi. Inda na fara kuskure shi ne da idona na zaɓa. Na ɗauki wani ƙarami, baƙi, shafaffe, marar nauyi, ina tunanin hannu mai rauni abu marar nauyi yake so. Na dawo na sa masa batir, na kunna maɓallin da ke ƙasansa, na rarrafa ƙarƙashin teburin Baba Haruna na cusa waslar a bayan akwatin, inda ba mai taɓa ta. Teburinsa da gilashi a kai, irin wanda ake sa kalanda da hotuna a ƙarƙashi, kuma hasken mawus ba ya karanta gilashi, sai na shimfiɗa masa ɗan faifan roba. Kibiyar mawus ta motsa a allo.

Ya yi kwana ɗaya da shi. Washegari ya ce, "Ɗana, wannan na hannun amarya ne. Yatsuna ba sa samun abin kamawa, yana zille mini kamar sabulu."

Sai ya jawo takarda mai shara-shara daga tsohuwar ajiyarsa, ya kifa hannunsa a kai yadda yake kwanciya da kansa, ya miƙo mini fensir. Na zagaye hannun. Ya ɗauki rula da hagu ya auna daga tushen tafi zuwa bakin yatsan tsakiya, ya rubuta, ya auna faɗi, ya rubuta. Ya ce, "To, tafi da wannan. Ba a zaɓa wa mutum takalmi daga nesa."

Na koma shagon da zanen hannu a aljihu. Mai shagon ya yi dariya, amma ya fito da duk abin da yake da shi, muna ɗora su ɗaya-ɗaya a kan takardar. Na ɗauki wani mai tudun baya wanda ke cika tafin hannu, mai ɗan nauyi, da gurbin babban yatsa a gefe, da maɓallin rage saurin kibiya a sama. Mai zane ba gudu yake so ba, yana so kibiya ta tsaya inda ya ajiye ta. Na farkon kuwa mai shago ya ce tun da an yage kwalinsa ba ya komawa.

Da na dawo, ana jirana a ɗakin baya, injin taswira ya cinye takarda. Don haka ban rarrafa ba. Na cusa sabuwar waslar a kafar gaba, na rage saurin kibiya, Baba Haruna ya ɗora hannu. Ya ja layi ɗaya, ya ja na biyu, ya gyaɗa kai. Na ɗauki ƙaramin mawus ɗin na ajiye a teburin Nafisa, wanda ke taku biyu a bayan kujerarsa, na ce zan dawo in ɗauka. Ban dawo ba. Ban kashe shi ba, ban cire batirinsa ba, waslarsa kuma tana nan a bayan akwatin Baba Haruna.

Abin da ya faru a makonni uku da suka biyo baya, daga baya na ji shi, domin a lokacin babu wanda ya gaya mini komai. Kibiyar Baba Haruna ta fara tafiya da kanta. Yana cikin ja layi sai ta yi tsalle zuwa gefe. Wani lokaci ta danna abin da bai danna ba. Yakan goge ya sake, ya goge ya sake. Likita ya riga ya gaya masa cewa hannun da ya yi irin wannan ciwo yana iya yin motsin da mai shi bai ji ba, don haka bai nemi wani bayani ba. Ya daina zuwa fatur, karin kumallon da muke haɗuwa mu ci a tire ɗaya da hantsi, yana cewa likita ya hana shi wake da mai. Ashe zama yake yi ya gyara aikin safe.

Kowa a babban ɗakin ya gani. Nafisa tana bayansa, allonsa a gabanta yake, takan ga kibiya ta zabura sai ta sunkuyar da kai cikin takardunta don kada ya san ta gani. Masu awo biyu suka riƙa karɓar wasu ayyukan suna zanawa da kansu, suna cewa suna son su koya. Wani ya ga layi ya karkace a taswira ya gyara bai faɗa ba. Kun san yadda muke. Dattijo ba a nuna masa rauninsa, ba a kuma kai maganarsa gaba. Mutum bakwai suka haɗu suna rufa masa asiri, kowa yana ganin alheri yake yi, kuma alherin ne. Sai dai a cikin bakwai ɗin babu wanda ya ce kwamfuta ta lalace, don haka babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ni ma sau biyu na wuce na ce, "Baba, yaya mawus?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, yana aikinsa." Na wuce ina jin daɗin zaɓina.

Ranar Lahadi, farkon mako, wani manomi daga Doka ya zo da taswira a naɗe. Alhaji ne mai sanyin magana, bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa ta a teburin Bashmuhandis ya ce, bisa wannan takarda, rabin hafir ɗin maƙwabcinsa ya shigo gonarsa. Direban taraktansa ya bi taswira ya kafa turaku, maƙwabcin ya fito ya gani. Ubanninsu tare suka sari dajin, yau kwana huɗu ba su gaisa ba. Ya ce shi ba ya son ruwan kowa, yana so a gaya masa wace ce gaskiya, takarda ko abin da ya tashi ya gani.

Bashmuhandis ya ɗauko lambobin masu awo ya gwada. Kusurwa biyar daidai. Ta shida, ta arewa maso gabas, ta gusa. Hatiminsa yana ƙasa, sunan mai zane yana gefe. Ya ba Alhajin haƙuri, ya ce a cire turakun, sabuwar taswira za ta same shi kafin Alhamis. Ranar Litinin ya kira Baba Haruna ofishinsa, ya aika aka kawo musu shayi. Bai ce masa ya tafi ba. Ya ce ne jiki yana da haƙƙi, kuma akwai aikin tsara tsofaffin taswirori a ɗakin ajiya wanda ke buƙatar mai ido. Baba Haruna ya gane.

Shi ne ya zo mini ranar Talata, bayan ƙarfe tara. Ya zauna a kujerar da ke gefen injin, ya ɗora hannun dama a cinya, ya rufe shi da na hagu.

Ya ce, "Rubuta. Zuwa ga Bashmuhandis. Bayan gaisuwa, ina roƙon a sallame ni daga aiki, domin hannuna ya daina bin umarnina."

Na ce, "Baba, ai ɗakin ajiya aka ce."

"Ɗakin ajiya na wanda ya gaji ne. Ni ban gaji ba, na zama haɗari. Na shiga tsakanin maƙwabta. Rubuta."

Na rubuta. Ya ƙara jimla biyu na godiya. Ina gyara sakin layi yana magana, ba da ni sosai ba, kamar mai karanta rahoto a kan wani. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ba ya jin motsin. Yana kallon hannun a kwance, kibiya tana tafiya. Ya ce ya bi abin kamar yadda ake bin awo, ya rubuta lokutansa a bayan kalanda. Da sassafe hannun lafiya lau. Daga takwas da rabi ya fara motsin. Lokacin fatur ya lafa. Ya ce wannan bai ba shi mamaki ba, gajiya ce da hayaniyar mutane. Abin da bai gane ba shi ne, duk ranar da aka ɗauke wuta muka koma janareta, hannun yakan natsu har a dawo da ita.

Na ɗaga yatsuna daga madannai. Janaretanmu ƙarami ne, kuma dokar ofis ita ce idan aka koma kansa a kashe fankoki da firij, a bar wa kwamfutoci. Wato lokacin da ɗaki ya fi zafi, mutum ya fi jigata, lokacin ne hannun ke samun lafiya. Ban san ciwon jijiya ba, amma na san babu jijiyar da ta san an ɗauke wuta.

Na ce, "Baba, ba ni awa ɗaya kafin in buga wannan."

"Kai ma za ka fara?"

"Fara me?"

"Abin da suke yi. Kana zaton ban san wanda ya gyara mini layin gonar Gadambaliya ba?"

Na ce ba lallashi zan yi ba, gwaji ne, idan bai nuna komai ba ni da kaina zan kai takardar. Ya dube ni ya tashi.

Muka fita babban ɗaki. Fankoki biyu na sama suna juyawa da ƙarfi, gefen takardu yana kaɗawa a kowane tebur. Na jawo kujera na zauna kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba tun da na haɗa masa mawus ɗin. Na ce ya buɗe taswira, ya ajiye kibiya a tsakiya, sa'an nan ya sa hannayensa biyu a aljihun jallabiyarsa. Na ɗauke mawus ɗinsa na kashe maɓallin ƙasa, na riƙe shi a cinyata. Kowa a ɗakin ya duƙufa kan aikinsa, yana nuna ba ya kallo.

Minti ɗaya, kibiya tana tsaye. Minti biyu. Baba Haruna ya ce a hankali, "Ka gani." Na ce mu ƙara kaɗan. Sai wayar ofis ta yi ƙara, Nafisa ta ɗauka, wani yana tambayar lambar fayil. Na ji ƙarar takarda a bayanmu. Kibiya ta zabura daga tsakiyar allo ta tafi kusurwar sama.

Baba Haruna bai motsa ba. Ya dubi aljihunsa na dama, ya dubi allon.

Na juya. A teburin Nafisa akwai tarin takardun awo, a kansu kuma ƙaramin baƙin mawus yana zaune. A ofisoshinmu duk abin da ya zo hannu da shi ake danne takarda saboda fanka, ko kofin shayi ne ko hatimi ko kwaɗon ƙofa. Nafisa ta sami abu mai santsin ƙasa, daidai hannu, wanda ba mai nema. Duk sanda ta zare takarda daga ƙarƙashinsa, haskensa yana karanta tafiyar takardar. Duk sanda ta mayar da shi ta danna da tafin hannu, ya danna a allon Baba Haruna. Takwas da rabi take isowa, bayan ta kai 'ya'yanta makaranta. Da fatur tana wajen tire. Idan fanka ta tsaya, takarda ba ta tashi, sai ta ture shi gefe.

Na ce, "Ustaza, ƙara zaro ɗaya." Ta zaro. Kibiya ta sake tafiya. Ta dubi abin da ke hannunta, ta ajiye takardar a hankali kamar mai zafi.

Na rarrafa ƙarƙashin tebur. Waslar tana nan inda na sa ta, ƙura ta rufe ta. Zan gaya muku gaskiya, na daɗe a ƙarƙashin teburin nan fiye da yadda aikin ke buƙata. Babu wanda ya san abin da ke bayan akwatin sai ni. Ina iya cewa irin mawus ɗin nan sukan shiga layin juna, laifin masu ƙerawa ne, kowa zai yarda. Amma ta gefen tebur ina hango ƙafafun Baba Haruna a cikin takalminsa. Na fito da waslar a tafin hannuna, na ce, "Wannan ni na bar ta. Kwamfuta ɗaya, mawus biyu take saurare. Hannunka bai yi komai ba, Baba."

Ya karɓa ya juya ta. Ya ce, "Wannan ɗin?" Na ce ita. Ya tashi ya fita wajen tulun ruwa da ke baranda, ya daɗe yana wanke fuska. Nafisa ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Mako uku ina kau da kai don kada in kunyata shi, ashe ni ke jan hannun." Da ya dawo ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannun dama, ya ce, "'Yata, ashe kin iya zane ba ki faɗa ba. Sai dai kina son ruwan mutane." Aka yi dariya, irin wadda ake yi bayan an daɗe ba a yi ba.

Saura Bashmuhandis. Na shiga na ajiye waslar da ƙaramin mawus a teburinsa, na yi bayani daga farko. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya cire tabarau.

Ya ce, "Ya Ustaz, ka kyauta. Amma na san wannan. Shekarata nawa a garin nan? Dattijo ya yi kuskure, yaro ya zo ya ce shi ne. Jiya ɗaya daga cikin masu awo ya zo ya ce shi ya ba da lamba ba daidai ba. Na duba littafinsa, daidai take. Yau kai."

Nan na gane inda rufin asirin ya kai mu. Mun yi ta ɗaukar wa Baba Haruna laifin da ba namu ba, har ranar da aka zo da na gaskiya ba a yarda. Na ce kada ya karɓi maganata, ya zo ya gani. Ya fito. Na mayar da waslar, na ba shi ƙaramin mawus ya ɗora a kan takarda ya ja da kansa, ya ga kibiya ta bi shi daga taku biyu. Sa'an nan ya ce wannan ya nuna mawus yana iya gusar da kusurwa, bai nuna hannun ba ya gusarwa ba, kuma hatiminsa ne ke tafiya Doka.

Baba Haruna ne ya amsa. Ya ce, "Gaskiyarka. A kawo lambobin gonar Alhaji. A bar fanka. Ka zauna nan."

Na cire waslar na sa a aljihuna, na cire batirin ƙaramin na ajiye a gaban kowa. Ya fara daga fari, sabon shafi. Ya yi a hankali. Aikin da da can yake gamawa kafin shayi ya huce ya kai shi har kiran azahar. Sau ɗaya yatsansa ya zame, ya gani, ya gyara da kansa. Bashmuhandis yana riƙe da littafin awo, yana karanta lamba, Baba Haruna yana nuna ta a allo. Shida suka fito daidai. Hafir ya koma wajen mai shi.

Bashmuhandis ya jawo hatimi, Baba Haruna ya ɗora hannu a kan takardar. Ya ce yana da sharaɗi. Daga yau taswirarsa ma a duba ta kusurwa-kusurwa kamar ta kowa, domin da ana dubawa da wannan ba ta kai Doka ba. Wanda kuma ya ga layinsa ya karkace ya faɗa masa a fuskarsa, kada ya gyara a ɓoye. Ya ce, "Kun so ni, na gani. Amma saura kaɗan ku so ni har gida."

Ranar Laraba ya shiga motar Doka da kansa da sabuwar taswira, ya ƙi a aika direba. Ya zauna da Alhajin da maƙwabcinsa, ya ce musu kuskuren daga ofis ne, ba daga ɗayansu ba. Ya dawo da wani dutse ja mai faɗin ƙasa, ya ɗora a kan takardun Nafisa. Ni kuwa Bashmuhandis ya sa aka rubuta mini takardar gargaɗi, na sa hannu, kuma daidai ne.

Da yammacin Talatar nan, kafin mu tashi, ya leƙo ɗakina ya ce in buga takardar barin aikin. Na ce ai magana ta wuce. Ya ce in buga, amma in bar gurbin kwanan wata. Ya ninke ta ya sa a aljihun tebur. Ya ce, "Ranar tana zuwa. Ina so ni in gane ta, ni in rubuta ta." Damina biyu ya ƙara yi. Wata safiya ya fito da takardar, ya cike gurbin da hannun dama, rubutu mai ɗan rawa amma ana karantawa, ya kai wa Bashmuhandis. A tsakanin nan babu taswirarsa da ta dawo.

Abin da na ɗauka daga wannan a wajen aiki kaɗan ne, kuma kun riga kun ji ina maimaita shi. A zaɓi mawus da hannun mai shi, ba da idon mai saye ba. Abin da ka cusa a kwamfuta ka san adadinsa, wanda ka daina amfani da shi ka cire waslarsa ka mayar da ita gurbinta a cikin mawus ɗin, ka fitar da batir. Abin da na ɗauka game da mutanenmu ya fi wannan nauyi. A wajenmu, idan na'ura ta saɓa wa dattijo, kansa zai fara zargi, kuma ba zai faɗa ba. Na kusa da shi ma ba za su faɗa ba, saboda kunya da ƙauna. Mai gyara da ke zaune a ɗakin baya yana jiran a kawo masa ƙara zai ji shiru ya ɗauka lafiya ce.

Zanen hannun Baba Haruna yana nan a aljihun teburina, da awonsa biyu a gefe. Tun daga ranar, idan na haɗa wa mutum mawus, ba na wucewa in tambaye shi yaya yake. Kujera nake jawowa in zauna a gefensa, lokacin da ɗaki ya cika, fanka tana juyawa, in kalli kibiyar da idona.